Tabarma a Gida, Jaka a Adaidaita ko Shago a Bakin Titi: Ina Mai Gyaran Gashi Za Ta Fara?

'Yar yayata ta gama bautar ƙasa da ɗan abin da ta tara daga alawus. Babanta ya ƙara mata, kwasar adashin mamanta ta fito aka haɗa. Hannunta na da kyau a kitso tun tana sakandare, a makarantar kwana ma ita ake yi wa layi a bakin gado ranar Lahadi. Ta shigo mini da waya a hannu tana nuna mini hoton wani shago da za a bayar haya wajen Zoo Road: farin tayil, ƙofar gilashi, silin mai fitilu.

"Anti, har suna na zaɓa."

Da yake ni ma makitsiya ce, na ce ta ajiye sunan tukuna, ta miƙo biro da takarda. Abin da muka yi ta ja-in-ja a kansa har aka kira magariba shi zan shimfiɗa a nan, don na san akwai irinta da yawa a Kano, Kaduna, Zariya da Katsina: yarinya mai hannu, mai ɗan jari, tana son ta riƙe sana'ar gyaran gashin asali, wanda 'yan mata ke ce wa nacural, amma ba ta san ƙofar da za ta shiga ta ciki ba.

Kasuwar dai akwai ta, wannan ba abin musu ba ne. Mu a nan kitso da gashin kai ba sabon abu ba ne. Hadisin da ya la'anci mai ƙarin gashi da wadda ake ƙara wa yana cikin Bukhari da Muslim, shi ya sa mata da yawa ko kusa ba sa yarda a sa musu atachi, ko da malamai sun yi saɓani kan zare da ulu. Shuku, doka, zanen yawo, kalaba, duk da gashin mutum aka san su. Abin da ya sauya shi ne yawan matan da ke barin rilaksa, wato man miƙar da gashi. Wasu ƙunar fatar kai ce ta ishe su, wasu goshi ne ya cinye, wasu kuma sun ji labarin binciken da hukumar binciken lafiya ta Amurka ta fitar a watan Oktoban 2022, wanda ya bi mata sama da 33,000 ya ga masu yawan amfani da mayukan miƙar da gashi sun fi kamuwa da kansar mahaifa. Binciken bai ce man ne ya haddasa cutar kai tsaye ba, alaƙa ya gani, amma labarin ya zaga WhatsApp ya bar tsoro. To mace ta bar rilaksa, sabon gashi ya fito mai tauri da cunkushewa, ba ta san yadda za ta yi da shi ba. Nan ke kike shigowa.

Sai dai kafin ki zaɓi wuri, ki fahimci abin da kike sayarwa. Ba mai ba ne, ba kujera ba ce. Lokacinki ne. Ki ɗauki kai ɗaya mai cika: tsifa da kibiya a hankali don kar gashi ya karye, warware shi da yatsu, wanki, turarawa, busarwa, datse bakin da ya tsage, sannan a zo kan kitso. In kin yi sauri awa uku, in kan ya daɗe ba a taɓa shi ba ko kitson ƙanana ne, awa biyar ta tafi. Hannu biyu gare ki. Ko kina tsakar gidanku ko kina shagon gilashi, kai biyu ne a wuni, ranar da kika matsa wa bayanki uku. Ki riƙe wannan lissafin, domin duk sauran magana a kansa take hawa.

Mu fara da gida, inda kusan kowace makitsiya ta fara. Ba haya, ba kuɗin dillali, ba mai karɓar haraji da zai tsaya miki a ƙofa. Jarinki kujera 'yar tsuguno, tabarma, baho biyu, tawul shida zuwa goma, mataji mai faɗin haƙori, kibiya, almakashi mai kaifi wanda ba a yanka komai da shi sai gashi, ƙaramar sitima ta turara gashi ko hular zafi, da mayuka. Kuɗin da za ki ba mai shago na wata biyu zai saya miki duk wannan har da canji. Kuma gida ya dace da irin aikin. Gashin asali ba ya son zafi da yawa, don haka ba ki dogara da wuta kamar mai salun ɗin rilaksa ba. Ki jiƙa busasshen karkashi a ruwan ɗumi, ki bar shi ya saki yauƙi, ki tace da rariya, ki zuba a kan da kika tsefe. Gashin da ɗazu mataji ya ƙi shiga sai ki ji yatsunki na ratsa shi, mai kan ta daina runtse ido, kafaɗunta su sauko. Ki ɗauraye, ki shafa man kaɗanya da kika narkar da ɗan man kwakwa, ki yi mata manyan kalaba shida ta zauna a inuwa iska ta busar. A zafin Afrilu na Kano ba a daɗe ana jira. Duk wannan ba ki kunna komai ba sai murhu ko gas.

Matsalar gida ba ta kayan aiki ba ce, ta mutane ce. Na farko, farashi. A layinku akwai wata baba da ke kitso shekara talatin tana karɓar abin da bai taka kara ya karya ba, kuma da ita za a riƙa auna ki. Ki ce dubu uku da ɗari biyar, a ce miki "kitson ne dai ko da zinare ake yi?" Na biyu, dangi. Gwaggo za ta turo 'ya'yanta uku ranar Asabar, ranar da ta fi kowace kasuwa, da saƙon "in ji Gwaggo a yi musu, za ta aiko." Ba za ta aiko ba, kuma ba za ki iya tambaya ba. Ni na taɓa rufe wata guda da littafin da sunayen masu bashi suka fi na masu biya yawa, rabinsu kuwa muna haɗuwa a gidan suna suna yi mini murmushi. Na uku, gidan ba naki ba ne ke kaɗai. Baba zai gaji da ganin takalman baƙi a zaure, yayyenki maza za su fara ƙorafin ba su da damar shigowa tsakar gida don mata sun buɗe kai, Umma za ta aike ki cefane kina tsakiyar tsaga. In gidan haya ne mai ɗakuna da yawa, ruwan wankin kai da guntun gashin da ke toshe makwarara zai haɗa ki faɗa da maƙwabta cikin mako biyu. Akwai kuma matan da ko kusa ba za su shigo lungu su zauna kan 'yar tsuguno ba, duk kyan hannunki, kuma galibi su ne masu biya ba ciniki.

Duk da haka, gida yana gyaruwa. In akwai ɗaki a zaure ko shagon jikin gida mai ƙofa ta waje, rabin matsalar ya tafi. Sauran rabin doka ce: farashi a rubuce a bango, ranar dangi guda ɗaya a mako wadda ba Juma'a ba, ba Asabar ba, kuma ba a fara tsifa sai an ga alat. Da farko za a ce kin yi girman kai, daga baya a saba.

Hanya ta biyu ita ce bin gida, ki ɗauki jaka ki je inda kan yake. Wannan ita ce ta fi samun kasuwa a garuruwanmu fiye da yadda 'yan mata ke zato, saboda yadda rayuwarmu take. Akwai matar auren da maigida bai yarda ta je salun ba. Akwai mai jego da ba za ta fita ba sai ta yi arba'in, gashinta kuwa lokacin ne yake zuba ya fi buƙatar lallaɓa. Akwai amarya, akwai tsohuwa mai ciwon ƙafa, akwai ma'aikaciyar banki ko asibiti da ba ta da lokaci sai daren Lahadi, akwai uwar 'yan mata huɗu da za su koma makaranta ranar Litinin. Waɗannan suna biyan ninki ba tare da ɓata rai ba, ruwa nasu, wuta tasu, wani lokacin har da abinci. Kuma gida ɗaya na buɗe miki gida biyar: kishiya ta gani, ƙanwar miji ta gani, maƙwabciya ta leƙo aron ashana ta karɓi lambarki.

Kuɗin da kike ci a nan titi ne ke raba shi da ke. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma taɓa wuce 1,000 a ƙarshen 2024, kuɗin adaidaita ya bi ta. Daga Rijiyar Zaki zuwa Hotoro da jaka da sitima, shata za ki ɗauka, ba hawa-sauka ba. Sannan ga jira. Na taɓa isa wani gida a Nasarawa ƙarfe goma daidai kamar yadda aka ce. Maigadi ya buɗe, 'yar aiki ta zaunar da ni a falo, ta ce Hajiya ta koma barci. Na kalli agogon bango har sha biyu saura, aka kawo mini lemo mai sanyi, Hajiya ta fito tana hamma ta ce bari ta ɗan ci wani abu. Muka fara bayan azahar. Wadda na yi wa alƙawarin ƙarfe biyu a Tarauni ta kira sau uku, a na huɗu ta ce in bari kawai. Ba ta sake kirana ba har yau. Hajiya ta biya da kyau, har da tukwici, amma ranar kai ɗaya na yi, na kuma rasa kastoma. A bin gida kai ɗaya ne tabbas a wuni, na biyu sa'a ce, sai fa in kin sami gidan da za ki yi wa mutum uku a zama ɗaya.

Maganar tsaro kuma ba ta wasa ba ce. Budurwa za ta shiga gidan da ba ta sani ba saboda wani ya yi mata magana a Instagram da hoton mace. Ƙa'idata ita ce sabuwar kastoma sai ta hanyar wadda na sani, mu yi magana da murya, a biya rabin kuɗi kafin in fito, in tura wa wani a gida adireshi, in tafi da ƙanwa ko yarinyar da nake koya wa, in baro kafin magariba. Wadda ta ƙi waɗannan sharuɗɗa ba kastomata ba ce. Iyaye da yawa ba za su yarda da wannan hanya ba sam, kuma ban ga laifinsu ba. In kuma aure na gabanki, ki yi wannan magana da mutumin tun ana zance a zaure, kar ki bari sai an kai ki ɗaki.

To sai shago, wanda shi ne mafarkin kowa. Ba zan rage masa daraja ba. Shago na ba ki adireshi, yana ba ki fuskar da za ki faɗi farashi ba a yi miki dariya ba, yana kawo wadda ba ta san ki ba, tana wucewa ta ga allo. Yana raba ki da aiken Umma da bashin Gwaggo. Amma a Najeriya hayar shekara ake biya gaba ɗaya, wani mai shagon ma ya ce biyu, ga la'adar dillali da galibi kashi goma ce, ga gyara: wurin wankin kai, famfo da hanyar fitar ruwa, madubai, labule mai kauri, fanka, fenti, allo. Kafin ki taɓa kai ɗaya jarin ya shige bango. In shekara ta zagayo mai shago ya ga kin ƙawata masa wuri, shi ne zai fara ƙara miki kuɗi, tayil kuwa ba ya ciruwa a tafi da shi.

Ga lissafin da muka yi da 'yar yayata. Alƙaluman na misali ne, ke ki sa na unguwarku da na wannan watan. A ce cikakken aiki a shago naira 6,000 ne, mai da ruwa da gas na kowane kai 1,500, saura 4,500. A ce haya 600,000 ce a shekara, wato 50,000 a wata. Fetur da kuɗin wuta 60,000. Yarinya mai shara da wankin tawul da taya tsifa 30,000. Haraji, kuɗin allo, shara, gadi da gyare-gyare 20,000. Jimla 160,000 kowane wata, ko an zo ko ba a zo ba. Sai kin yi kai 36 kafin kwabo ya zama naki. In kina kai biyu kullum, kwana 26 a wata, kai 52 ke nan, abin da zai rage miki 74,000. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Wato kin zuba jarin gidanku kaf don ki biya kanki albashin masinja, kuma wannan a watan da kujera ba ta huta ba.

Yanzu ki mayar da kai 52 ɗin nan gida. Farashi ya sauko zuwa 3,500, cire 1,500, saura 2,000, a wata 104,000. Ki kai shi bin gida: 8,000, cire mai 1,500 da adaidaita 2,000, saura 4,500, amma kai 30 kawai za ki iya, 135,000. Da ta ga haka sai ta ajiye biro ta ce, "To Anti, masu shagon mahaukata ne?"

Ba mahaukata ba ne. Shago ba don hannunki ake kama shi ba, don hannun wasu ne. Ki sa makitsa biyu a gefenki, kowace na kai biyu a wuni, ki ba kowace 2,500 a kai, 2,000 ta rage miki. Kai 104 a wata, 208,000 ke nan a kan 74,000 ɗinki, hayar kuwa ba ta ƙaru ba. A nan shago ke tsere wa gida da jaka, ya bar su nesa. Sharaɗin shi ne ki sami kawuna shida kullum. Tambayar da za ki yi wa kanki ke nan: ina da matan da za su cika kujera uku, ko ina fatan allo ne zai kawo su? In littafinki bai nuna kina mayar da mutane don rashin lokaci ba, wata uku a jere, shago riga-malam-masallaci ne. Sannan riƙe ma'aikata wata sana'a ce daban da kitso. Yarinyar da kika koya wa shekara guda za ta iya tashi da lambobin kastomominki a wayarta, ko aure ya ɗauke ta zuwa wani gari ana saura mako biyu Sallah.

Wuta ma ta isa a tsaya a kanta. Diraya ta hannu na jan wat 1,800 zuwa 2,000. Ƙaramin janaretan nan Tiger ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba, kina kunna ta zai shaƙe ya mutu. Sola na ɗaukar fanka, fitila da cajin waya lafiya lau, amma duk abin da ke yin zafi yana zuƙe batir kamar ruwa a rairayi. In kin dace shagon na layin da ake kira Band A, wanda aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana, ki sani an ɗaga kuɗinsa zuwa naira 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024. An ɗan rage daga baya amma bai dawo kusa da inda yake ba. A gida kastoma za ta zauna iska ta busar mata da kai tana hira da Ummanki. A shago ba za ta yarda ba, ta biya kuɗin shago. Ruwa kuma, in babu burtsatse a ginin, 'yan garuwa ne abokan hulɗarki, kuma kai mai cika na iya shanye rabin jarka. Da hunturu dole ki dafa shi.

In har za ki kama shagon, akwai abubuwan da dillali ba zai nuna miki ba. Ki je wurin da la'asar sakaliya, ba da safe ba. In akwai majalisar maza ko mai shayi daura da ƙofar, mata ba za su shiga ba, komai kyan tayil. Ki duba ko daga titi ana hango ciki in an ɗaga labule. Ki duba banɗaki, da inda za a shimfiɗa darduma, domin mai zaman awa huɗu sai sallah ta riske ta. Ki duba inda maigida zai tsaya da mota ya sauke iyali ba tare da an yi masa hon ba. Ki zuba bokitin ruwa a makwarara ki bi shi ki ga inda ya tsaya. A rubuta yarjejeniya da shaidu, a faɗi wa'adin da ba za a ƙara haya ba. Duk wanda ya zo karɓar kuɗi da sunan hukuma, ki nemi rasit. Unguwar da ke kusa da jami'a, kamar Kabuga da hanyar Gwarzo saboda BUK, tana da 'yan mata masu son sabon yayi, amma da an tafi hutu ko yajin aiki sai ki ji tsit.

Akwai hanya ta huɗu da ba a cika zancenta ba, ni kuwa ita na fi so wa mai jari kaɗan da ta gaji da gida: haɗa shago. Ki nemi mai lalle, ko mai kwalliya, ko mai dilka da halawa wadda ke da wuri ya yi mata yawa, ki karɓi kusurwa ɗaya, ko ku raba haya ko ki riƙa ba ta kaso a kowane kai. Amaryar da ta zo gyaran jiki tana buƙatar kitso, ƙawayenta ma haka. Wadda ta zo wankin kai wurinki za ta ga lalle ta yi sha'awa. Kina koyon yadda ake riƙe shago da kuɗin wata, in abin bai karɓe ki ba ki naɗe tawul ɗinki ki tafi ba ki bar tayil a bango ba. Haɗarinsa ɗaya ne, rashin fayyace magana: wa ke sayen fetur, wa ke riƙe makulli, kastomar da ta shigo ba ta ambaci sunan kowa ba ta wace ce. Ku rubuta tun ana dariya. Abin da ba zan ba ki shawara ba shi ne karɓar kujera a salun ɗin da rilaksa ce babbar sana'arsu. Za a riƙa ce wa kastomarki "wannan kan ai sai an ɗan taɓa shi", ke kuma a riƙa harararki kin riƙe wurin wanki awa guda.

Kowace hanya kika bi, shekara ba ɗaya take tafiya ba. Sha'aban cike yake da bukukuwa don kowa na son a ɗaura kafin azumi, ƙarshen shekara ma haka. Kwana ashirin na farkon Ramadan kuwa ƙuda za ki yi ta kora, sannan goman ƙarshe a yi miki ca, daren jajibiri ki kai asuba a tsaye yatsu na rawa. Mai gida da mai jaka in kasuwa ta mutu hutawa suke. Mai shago hayarta na tafiya. Abin da aka samu a Sallah ba riba ba ce duka, wani kason na watannin shiru ne.

Talla ma tamu daban take. Makitsiyar Legas za ta ɗauki bidiyon kastoma fuska da kai ta sa a TikTok. Ke matan da kike yi wa aiki rufe kai suke, da yawa ko ƙeyarsu ba za su yarda ta hau intanet ba, kuma ranar da kika sa ba izini ranar kika rasa gidan da duk danginsa. Ki sayi kan roba na koyon kitso, ki yi amfani da kan ƙannenki ƙanana da yardar iyaye, in babba ta amince a ɗauka ta baya, ba fuska, ba ɗankunne ko zanen da za a gane ta da shi. Sitatus ɗin WhatsApp da mata kawai ke gani ya fi kawo mini aiki fiye da kowane shafi. Mai bin gida ta fi kowa dogaro da baki-da-baki, mai shago ce ke buƙatar talla sosai don kujerunta uku ne.

Abin da ke riƙe kastoma kuwa ɗaya ne a ko'ina: goshinta. Kitso mai tsauri da ke ɗaga gira shi ke cinye gashin gaba, in aka daɗe ana yi ba ya dawowa. Wasu za su ce ki ja sosai don ya daɗe. Ki yi musu bayani, in sun ƙi ki haƙura da kuɗin. Ki wanke mataji da kibiya bayan kowane kai, tawul ɗaya mutum ɗaya. In kin buɗe kan yarinya kin ga makero ko ƙuraje masu ruwa, ki rufe ki ja uwar gefe ki ce a kai ta wurin likitan fata. Kar ki yi kitso da ƙwarƙwata, a zahiri da kuma a karin magana. A shago wannan ya fi haɗari, don mataji ɗaya na iya zaga kai shida kafin azahar.

Da kasuwa ta fara zama za a ce ki sayar da man da kike shafawa, kuma nan ne kuɗin da ba ya cin bayanki yake. Man kaɗanya, hulba, kanumfari, garin chebe na Chadi da ake shafawa a jikin gashi ba a fatar kai ba, man karkar na Sudan, duk ana samunsu a kasuwannin Kano irin su Kurmi da Sabon Gari. Haɗa wa kastomarki a kwano abu ne daban, ɗurawa a roba da suna a jiki a aika Abuja abu ne daban: wannan na biyun yana buƙatar rajistar NAFDAC. Kar kuma ki rubuta cewa yana tsiro da gashi cikin sati biyu, ƙarya ce kuma za a dawo miki da ita. Rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kuwa ki yi ta ko a gida kike, don da ita za ki buɗe asusun banki da sunan sana'a, ki raba kuɗin aiki da kuɗin anko, da ita kuma ake neman tallafi irin na SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i, ko dala 5,000 da gidauniyar Tony Elumelu ke bai wa matasan da ta zaɓa. Bashin manhajar waya don biyan haya kuwa, ko da wasa.

Saboda haka ga yadda nake rabawa in an tambaye ni. Wadda hannunta bai gama faɗawa ba, ko ba ta da kastoma ashirin da ke dawowa da kansu, ta zauna gida. Wadda ke da hannu, gidansu ya matse, iyaye sun yarda, kuma ta san mutum biyu ko uku a unguwannin masu hali, ta ɗauki jaka, amma ta tsara garin: yau gabas, gobe yamma, kar ta ratsa Kano sau biyu a wuni. Wadda ke mayar da mutane amma kuɗinta bai kai hayar shekara da guzurin wata shida ba, ta nemi kusurwa a shagon mai lalle. Shago na kanki sai in abu uku sun haɗu: kawunan da suka fi ƙarfin hannunki, makitsiya aƙalla ɗaya da kika yarda da aikinta da amanarta, da kuɗin da ko wata shida aka yi ba riba ba za ki taɓa jarin mai ba.

'Yar yayata ba ta ji daɗin maganar ba, ta tafi tana cewa na kashe mata gwiwa. Bayan kwana huɗu ta kira ni. Babanta ya yarda a fasa ƙofa ta waje a ɗakin zauren da ake ajiye tsofaffin katifu da buhunan gawayi, ta sa labule biyu, ta sayi kujerar wanki ta hannu da sitima. Litinin zuwa Alhamis tana ɗakin, Asabar da Lahadi tana bin gidaje uku da wata ƙawar mamanta ta haɗa ta da su, ƙanwarta na riƙe mata jaka. Sauran kuɗin na banki. Ta sayi littafi mai bango ja, shafin dama na waɗanda ta yi wa aiki, shafin hagu na waɗanda ta ce wa "yi haƙuri, babu wuri". Ran nan da na leƙa, shafin hagu suna bakwai ne a wata. Shagon Zoo Road kuwa wani mai sayar da kayan waya ya kama shi.